Gafaru Agege da Injin Surukarsa

Shekarar da aka koro 'yan Gana daga Legas, kowa ya dawo unguwar Nima a Accra da abin da ya iya ɗauka. Wani rediyo, wani keken ɗinki, wani katifa a ka. Gafaru, wanda aka laƙaba wa Agege saboda unguwar da ya zauna a can, ya dawo da jar hular kwano, da sifana uku, da baki. Hular ta tsage ta ƙeya, sifana ɗaya ba ta kama komai, amma bakin ya iso lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

A faɗarsa, shi ke gyara wa wani Bature baburan tsere, irin ƙananan nan na da masu kukan sauro. In ya zauna a bencin mai shayi sai ya kwantar da ƙirji a kan tebur ya nuna yadda ake shan kwana, har kofin wani ya kife. Waɗanda suka zauna da shi a Agege sun ce ƙwarai ya yi aiki a garejin Baturen: shi ke buɗe ƙofa ya rufe, ran Asabar kuma ya wanke tayoyi. Sai dai mutanen Nima ba su cika ƙaryata mutum ba in labarinsa na da daɗi.

Wadda ba ta cin labari ita ce surukarsa, Mma Zelia. Ita ta ba shi aron ɗakin ƙofar gidanta, mai kallon titi, don ya buɗe wurin gyara. Shekara biyu cur, abin da aka shaida ya shiga ɗakin nan keke ɗaya ne, ya shiga a kan tayoyinsa ya fito a kafaɗar mai shi. Matarsa Awabu ce ke riƙe da gida da kokonta da ƙosanta. Ita kuwa Mma Zelia tana da niƙa-niƙa a rumfar tsakar gida, ɗan ƙaramin inji mai shan fetur da ake tayarwa da igiya, matan lungu na kawo wake da barkono da tumatir.

Ranar da za ta tafi Makka ta aika a kira shi. Duk cika bakin Gafaru, a gaban surukarsa rago ne. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya cire hula, ya durƙusa, ba ya ko ɗaga ido. Haka ya yi ranar.

Ta ce, "Gafaru, mutum uku sun roƙe ni ɗakin nan. Ganiyu makanike ma a rana yake aiki, gindin bishiya. In Allah ya dawo da ni ban ga abin da hannunka ya yi ba, makullina nake so."

Ya ce, "To, Mma."

Da ya fito ya sa takalminsa, sai ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa tsohuwa ta ba shi kwangila. Amma ya san ɗakin nan shi ne kaɗai abin da ya hana a kira shi mijin mai koko.

A wancan zamani babu waya a gidajen Nima. In jirgin alhazai ya sauka, masu babura ke jira a filin jirgi, da zarar an hango alhajin wani gida sai su tayar, wanda ya riga isa ƙofar gidan da albishir shi ke karɓar goro, mata su yi masa guɗa, a yi wata guda ana zancensa. Shekara uku a jere Ganiyu ke cinyewa. Shi Ganiyu makanike ne daga Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, Bayarabe marar yawan magana, yana da wani tsohon ƙaramin babur da ya tsinto a bola ya raya da hannunsa. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya nuna maka agogo.

A nan dabara ta faɗo wa Gafaru. Washegari a wurin mai shayi ya buga tebur ya ce bana shi zai kawo albishir ɗin surukarsa, a kan babur ɗin tsere da zai ƙera da hannunsa, kuma zai ba Ganiyu ratar rabin awa.

Ganiyu ya busa shayinsa ya ce, "Daga filin jirgi zuwa nan duka minti goma ne."

"To, zan riga ka tun kafin ka tashi."

"Ina moton? Wane inji zai ja shi?"

Gafaru ya nuna goshinsa. Ganiyu ya ce to ya yi hankali da shi a wurin aski.

Ya tafi Kokompe, kasuwar tsofaffin ƙarafa, ya yi kwana uku yana raina kayan mutane. Ya dawo da gangar jikin wani ɗan babur da ya girme shi, babu inji babu fitila, da tayoyi biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ta gaba ta fi ta baya tsawo. Ya lanƙwasa bututun famfo ya yi abin riƙo, ya sunkuyar da shi ƙasa kamar na 'yan tsere. Sirdi kuwa matashin kujerar Awabu ne aka ɗaure da roba. Ya shafe komai da jan fenti, ya zana lamba ɗaya a gefe, babba, yadda ko daga tsallaken gota, kwatar bakin titi, za a karanta.

Saura inji. Ya zagaya Kokompe, ya leƙa Kokomlemle, ya tambaya har Agbogbloshie wurin direbobin doya. Duk injin da aka nuna masa sai ya ce ba irin na Bature ba ne, alhali aljihunsa ne ba irin na Bature ba. Ranar da ya dawo a gajiye ya zauna a tsakar gida, Awabu na niƙa wake a rumfa, sai ya tsura wa injin ido kamar yau ya fara ganinsa. Ya karkata kai ya saurara, ya tsuke fuska. Ya ce mata injin nan ba shi da lafiya, yana jin wani tari a ƙirjinsa wanda sai kunnen gwani ke kamawa, in ba a buɗe shi yau ba Mma za ta dawo ta tarar da gawa.

Awabu ta ce ita ba ta ji tari ba. Ya ce ai shi ya sa ita koko take sayarwa.

Kafin la'asar inji ya bar katakon da aka kafa shi a kai ya koma cikin babur. Babu giya, babu kuloci. Gafaru ya ɗaura bakin ƙarfen tayar keke a jikin tayar baya, ya zarga bel ɗin niƙa-niƙa daga inji zuwa can. Tunda da inji ya tashi taya za ta juya, sai ya ɗora bayan babur a kan 'yar kujerar tsuguno, ya kulle ƙofa, ya ja igiya. A ja na shida inji ya kama, tu-tu-tu-tu, ɗaki ya cika da hayaƙi, Gafaru ya tsaya yana dariya shi kaɗai.

Bai gama dariyar ba aka buga ƙofa. Ya manta cewa duk macen da ke lungun nan ta san muryar injin Mma Zelia fiye da muryar mijinta, kuma tashinsa shi ne sanarwar an buɗe niƙa. Ya buɗe ya ga mata tara a layi, kowace da kwano. A gaba Nafi ce, 'yar hayar ɗakin ƙurya, wadda harshenta ba ya hutun Juma'a.

Ta leƙa ta ce, "Ei, niƙa-niƙa ya yi ƙafa."

Gafaru ya tare ƙofa ya ce wannan injin waje ne, muryar ce kawai ta zo ɗaya. Nafi ta ce lallai, har da bushasshen barkonon da ke manne a gindinsa daga waje ya zo. Awabu ta ratso matan ta shiga, ta dubi babur, ta dubi mijinta, ta fito ta ba su haƙuri. Da suka watse ta koma ta rufe ƙofa. Abin da aka ji daga waje muryarta ce kaɗai, abin da bai taɓa faruwa a auren ba.

Sulhun da aka yi shi ne: da safe babur na Awabu ne, da yamma na Gafaru. Kullum da hantsi sai ya turo shi rumfa, ya ɗora shi a kujera, ya cire bel daga taya ya maƙala wa niƙa-niƙa, ya tsaya yana zuba waken mutane, da lamba ɗaya ɓaro-ɓaro a gefensa. Sharaɗin Awabu na biyu shi ne kafin mahaifiyarta ta sa ƙafa a gidan, inji ya koma katakonsa kamar ba a taɓa shi ba. Gafaru ya ce wannan ai wasa ne. Zai iso da albishir, ya karɓi goro, ya kwance inji, ya yi wanka, ya sa turare, sannan motar Mma ta ƙaraso, ta tarar da gari na zancensa.

"In kuma ta ce ka tayar mata da moton ta gani fa?"

"Zan ce yana hutawa. Moton tsere sau ɗaya yake gudu a wata."

A mako na biyu ya tuna ya taɓa jin Baturen na cewa baburan tsere man tsiro suke sha, ba baƙin mai ba. Bai tsaya jin wane tsiro ba, don a lokacin an aike shi sayen taba. Ya duba madafar Awabu ya ga kwalbar manja. Ya tsiyaye baƙin man injin ya cika shi da manja har wuya. Minti biyar na farko abin ya yi daɗi, lungu ya gume da ƙanshin miya, har Nafi ta fito tana tambaya wa ke suna bai gaya wa mutane ba. Daga nan inji ya yi atishawa biyu ya yi shiru. Da gari ya waye manjan ya daskare a ciki, igiya ma ta ƙi jawuwa.

Kwana biyu babu niƙa. Matan lungu suka riƙa ɗaukar kwanoninsu har Maamobi, in sun dawo su bi ta ƙofar ɗakinsa suna gaishe shi da aiki, gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Awabu ta daka wake a turmi har hannunta ya yi kanta, ta daina sa masa sukari a koko. Ran na uku Gafaru ya sa hular kwano ya nufi gindin bishiyar Ganiyu, ya tsaya kamar wucewa yake, ya ce wai wani abokinsa a Adabraka ya yi kuskuren zuba wa inji manja, shi ya san maganin, yana so ne ya gwada ko Ganiyu ya sani.

Ganiyu bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce, "Ka ce da abokinka ya shanya shi a rana, ya wanke da kananzir sau uku. Manja kuma ya bar wa matarsa."

"Haka na gaya masa."

"Ka ƙara masa da wannan. Injin niƙa gudu ɗaya ya sani. Ko ka roƙe shi, ko ka zage shi, ba ya ƙarawa."

Gafaru ya ce abokin nasa ba irin injin da yake da shi ba ke nan. Ganiyu ya ce to madalla, a gaida Awabu.

Da inji ya farfaɗo, sai Gafaru ya shiga rage wa babur nauyi. Ya cire marfin taya, ya cire ƙaho, ya zo kan birki ya tsaya. Birkin dama ba ya kamawa sosai, gyaransa kuma ya fi ƙarfinsa, saboda haka ya sanar cewa birki na matsorata ne, ɗan tsere na gaskiya da ƙafarsa yake tsayawa. Ya sa mai gyaran takalmi ya yanka masa takalmin tayar babbar mota, kauri kamar burodi. Yadda ake tsayawa shi ne ya kafa su a ƙasa ya ja, har bel ya fara sulɓi, Awabu kuma ta rugo ta murɗa ɗan famfon fetur da ke can ƙasa inda hannunsa ba ya kaiwa.

Gwaji kuwa a cikin lungu yake yi, don kada abokan hamayya su ga sirrinsa a titi. Wanda ya san lungunan Nima ya san in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Gafaru ya kwantar da ƙirji, bango na wucewa dab da gwiwar hannunsa, kaji na tashi, igiyar shanya na dukan hularsa, sai ya ji kamar iska ce ta ɗauke shi. Ya sauka ya ce ko a Legas bai taɓa irin wannan gudu ba. Nafi ta ce ita fa tana bayansa da bokitin ruwa a ka tun daga famfo, kuma ba ta ga ya ɓace mata ba. Ya ce hassada ke ƙara wa mutum sauri.

Aka yi Sallah, aka fara zancen dawowar alhazai. Jirginsu ba shi da rana tsayayya, sai dai a je a jira. Kwana uku Gafaru na tura babur da ƙafa zuwa filin jirgi bayan an gama niƙan safe, a lulluɓe da zanin Awabu, kujerar tsuguno a ɗaure a baya, ya wuni a rana ya turo shi gida. Masu babura suka yi ta roƙonsa ya ɗaga zanin, ya ce idonsu zai gani a bayansa, in sun iya hangowa.

Ran na huɗu bayan azahar jirgi ya sauka. Aka daɗe kafin fasinjoji su fito, can sai ga Mma Zelia cikin fararen kaya, ta rame ta yi haske, ƙanenta na riƙe da jakarta. Babura shida suka tashi lokaci guda. Gafaru ya yaye zani, jama'a suka taru. Ya ɗora bayan babur a kujera, ya ja igiya. Ya sake ja. Wata mata mai jiran mijinta ta ce da ta san za a zo da niƙa-niƙa da ta taho da tumatir ɗinta. A ja na bakwai inji ya kama, Gafaru ya haye, ya yi gaba da jikinsa, babur ya faɗo daga kujera ya kama hanya.

Ya kwantar da ƙirji kamar yadda ya saba. Amma titin filin jirgi ba lungu ba ne. Babu bango, babu kaza, sai fili da sararin Allah, da wata bishiya can gaba da ta ƙi matsowa. Ganiyu da sauran tuni ko ƙurarsu ba a gani. Ya murɗa abin riƙo, wanda dama ba a haɗe yake da komai ba. Ya roƙi injin, ya zage shi, ya tuna maganar Ganiyu ya ƙara jin haushi. Inji na ta tu-tu-tu ɗinsa, daidai yadda yake niƙa wake.

Motar haya ta wuce shi, yaron motar ya miƙo hannu ya tambaya ko a ja shi. Mai burodi a keke ya wuce shi, ya waiwayo ya yi masa sannu. Wata mai lemo ta jera da shi har ta gama yi masa tayi ta haƙura. Sannan ya ji ƙaho a bayansa, jerin motocin 'yan tarba ne, tasi ɗin Mma Zelia a gaba da farin ƙyalle a jikin madubi. Gafaru ya kawar da fuska gefe, ya ƙudundune cikin hula, yana fatan a ɗauka wani ne daban mai jar hula da lamba ɗaya.

Da hankali ne da ya ratse ya ɓuya har magariba. Amma ratsewa na bukatar tsayawa, tsayawa kuma na bukatar Awabu. Haka ya ci gaba har ya shigo Nima, mutane na fitowa daga shaguna suna yi masa tafi, shi kuma, da yake hali ba ya barin mai shi, har ya ɗaga musu hannu.

A kan gangaren da ke sauka ƙofar gidansu tayar gaba ta faɗa rami, bel ya yi tsalle ya fita. Babur da inji ya riƙe tun daga filin jirgi ya sami kansa. Ya fara gangarawa, ya ƙara, ya ƙara. A karon farko a rayuwarsa Gafaru ya ɗanɗana gudun da ya shekara biyu yana ba da labari, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ya kafa takalman taya a kwalta da iya ƙarfinsa, suka yi ƙara suna warin roba. Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Gudu ya fara raguwa, saura 'yan taku a kai ƙofar gida, da alama zai tsaya lafiya.

Sai ya ɗaga ido. An jera benci a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, mata sun sha atamfa iri ɗaya, ana raba dabino da zamzam. Ganiyu na zaune a gefe yana tauna goron albishir. A tsakiya, kan kujera, ga surukarsa, tana kallonsa ido cikin ido.

Gafaru bai yi shawara da kansa ba, jikinsa ne ya yi abin da ya saba. Ba a tunkarar suruka da takalmi. Ya girgiza ƙafar dama takalmi ya fice, ya girgiza ta hagu. Ya saki abin riƙo ya kai hannu biyu ya cire hula, ya yi ƙasa da gindi zai durƙusa a kan sirdi. Babur ya sake ɗaukar gudu.

"Mma, sannu da zuwa," in ji shi, yana wucewa.

Mata suka dare biyu. Benci ɗaya ya kife da faranti. Nafi ta haye tagar mutane da kwanon dabino a hannu. Tayar gaba ta nutse a gota, ta baya ta ɗaga sama, Gafaru ya tashi ya sauka cikin tulin takalman baƙi da aka tara a bakin tabarma. Bai karye ba, tafin ƙafarsa ne kawai ya saɓule, da gwiwar wando. Inji kuwa ko a jikinsa, yana rataye bisa gota yana ta tu-tu-tu.

Ya rarrafo daga cikin takalma ya durƙusa yadda ya kamata. Ya duba hagu ya duba dama, ya ga Awabu tsaye da tire, ta rufe baki da mayafi. Ya ga dai ya zo da saƙo, kuma bai isar ba.

Ya ce a hankali, "Awabu, albishirinki."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ba a san na dariya ba ne ko na tausayi. Ta ce, "Goro."

"Mma ta sauka."

Dariyar da aka yi har daga Maamobi an ji. Tsofaffi na share hawaye da hula, limamin lungu ya juya baya kafaɗarsa na rawa. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Hajiya Zelia ta miƙe da fararen kayanta ta taka zuwa bakin gota, ta sunkuya ta murɗa famfon fetur ba tare da ta duba inda yake ba. Inji ya yi shiru, dariya ma ta tsaya. Ta shafa shi da tafin hannu, ta sansana yatsunta, ta tambaya wa ya yi miya a cikin injinta. 

Ta dawo ta zauna. Ta ce ita yau ta fito daga ɗakin Allah, bakinta ba zai fara da faɗa ba. Ta ce ta nemi ganin abin da hannunsa ya yi, kuma ta gani, duk Nima ma ta gani. Sannan ta miƙa hannu.

Gafaru ya ciro makullin daga igiyar wuyansa.  Kunya ta gaske ta kama shi, irin wadda baki ba ya iya rufewa, ya ji da ma gotar ce ta haɗiye shi. Ya ajiye makullin a tafin hannunta bai ce uffan ba, abin da ya ba mutane tsoro fiye da faɗuwar.

Ta kira Ganiyu. Ya taso ya durƙusa, ta sa masa makullin a hannu.

"Ɗaki naka ne, ka bar rana haka. Amma da kayan ciki na ba ka." Ta nuna Gafaru da haɓa. "Mutumin da ya sa niƙa-niƙa ya taka daga filin jirgi zuwa nan, akwai abu a hannunsa, koyarwa ce babu. Shekara biyu zai yi a hannunka yana koyo. Ga goron shigarsa."

Ta ƙara masa goro fari guda. Ganiyu ya juya makullin, ya dubi Gafaru da ke durƙushe ba takalmi, ya daɗe yana dubansa. Kowa ya san a Accra mai koyon sana'a ba ya kiran mai koya masa da suna, sai dai Masa, wato maigida, ko da ya girme shi, kuma Gafaru ya girmi Ganiyu da shekara huɗu.

Ganiyu ya ce, "Tashi ka ciro moton daga gota. Inji zai koma katakonsa kafin magariba. Ka kawo sifana, mai kamawa."

Jama'a suka zuba ido, ana jiran a ji wane labarin Legas zai fito. Gafaru ya buɗe baki, ya dubi surukarsa, ya dubi Awabu, ya rufe. Ya miƙe ya naɗe ƙafar wandonsa.

Ya ce, "To, Masa."